Inda na kai da aikin ƙurar doki a Fusion

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo, fatan ana lafiya. Toh ga inda aka kwana a aikin nan da na ce muku na ɗauko na sa ƙura a bidiyon kilisa. Ga waɗanda ba su ga bayanin baya ba, wani abokina ne mai doki ya turo min ɗan guntun bidiyo da aka ɗauka da waya a tsakiyar damina, doki ya sheƙo a guje aka ja linzami ya turje, amma ƙasa a jiƙe take don haka ko alamar ƙura babu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kallon jahi ranar hawan sallah ya san rabin kwarjinin abin ƙurar nan ce da take turnuƙewa bayan dawakai. Shi ne ya ce in gwada ko kwamfuta za ta iya.

Da manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve nake yi, na kyautan, a shafin Fusion, wato sashenta na haɗa siddabarun hoto. Nasan da yawanku After Effects kuka fi sabawa da shi, kuma duk abin da zan faɗa akwai makamancinsa a CC Particle World ko Trapcode Particular in kana da kuɗinsa, sunayen maɓallan ne kawai suka bambanta. Ni dai dalilina guda ne, tun da Blackmagic suka haɗe Fusion cikin Resolve 15 a 2018 kayan ƙwayoyin nan (particles, 'yan ɗigogin da kwamfuta ke watsawa su zama ƙura ko hayaƙi) gaba ɗaya suna cikin na kyautan, ba biyan wata-wata ba fasa manhaja.

Ginin kansa ba wuya. Nod, wato akwatunan aikin da ake jonawa da juna a Fusion, biyu ne dole, pEmitter mai haifar ƙwayoyin da pRender mai mayar da su hoto, sauran duk a tsakaninsu kake jerawa. Amma akwai wani lissafi da nake so kowa ya riƙe kafin ya fara jan silaida, don shi ne ke sa kwamfutar mutane ta sandare su ce manhajar ce ba ta da kyau. Number ba adadin ƙwayoyin da ke allo ba ne, adadin da ake haifa ne a kowane firem. Lifespan kuma tsawon ransu ne, shi ma a firem. Kenan in Number yana 10 Lifespan yana 100, da abin ya daidaita ƙwaya 1000 ke yawo a lokaci ɗaya, in kuma bidiyonka firem 25 ne a sakan to kowacce tana rayuwa sakan 4. Ka ɗaga Number zuwa 200 don kana son ƙura mai kauri, ka koma 20,000 ba ka sani ba, kuma kowacce sai an zana ta a kowane firem.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a wannan zagayen shi ne, yawa ba shi ke yin ƙura ba. Ƙurar da nake da ita yanzu ba ta kai ƙwaya 500 ba a inda ta fi kauri kuma ta fi ta farkon kyau nesa ba kusa ba. Sirrin yana kan Style. In ka bar shi a Point ko Blob ɗige-ɗige za ka samu, komai yawansu ido zai gane. Na mayar da shi Bitmap, sai na ɗauko FastNoise, nod mai samar da hoto kamar gajimare, na rage girmansa zuwa 256 da 256, na sa masa Ellipse mai laushin baki sosai ta yadda gefensa ke narkewa, na jona shi a pEmitter ɗin. Yanzu kowace ƙwaya ɗan gajimare ce guda, in ka rage kaurinta ƙasa sosai har ka ga kamar babu ita, sai in sun hau kan juna ne kaurin yake fitowa da kansa, tsakiya ya yi duhu gefe ya yi shara-shara. A ɗan ɗaga Seethe Rate na FastNoise ɗin, wato saurin canjin siffarsa, a sa Animate a kan Particle Birth Time, shikenan kowacce za ta fito da siffarta daban.

Sai maganar Variance, wato yawan bambancin da ake bari tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda wallahi in da zan iya da na rubuta shi a bangon ɗakin kowane mai koyo. Kusan kowane saiti a pEmitter yana da ɗan uwansa a ƙasansa, Number da Number Variance, Lifespan da nasa, Velocity da nasa, girma da nasa, juyi da nasa, kuma mu masu koyo na saman kawai muke taɓawa mu wuce. In duk girmansu ɗaya, gudunsu ɗaya, lokaci ɗaya suke mutuwa, abin sai ya fito kamar an watsa auduga a iska. Ba sabon abu ba ne ma, William Reeves na Lucasfilm da ya rubuta takardar farko kan wannan tsarin a 1983 haka ya gina shi tun tushe, kowace siffa ta ƙwaya ana ɗaukar matsakaici ne a ƙara masa wani abu na kan-mai-uwa-da-wabi, don abubuwan da yake son kwaikwayo, wuta da gajimare da ruwa, ba su da tsayayyen gefe. Ni yanzu a girma da tsawon rai nakan kai Variance kusan rabin asalin lambar, a gudu har in wuce haka.

Kafin in taɓa motsin sai da na je filin da yara ke ƙwallo a unguwarmu da yamma na tsaya ina kallon ƙura kawai, na ɗauki kaɗan a waya da silo-moshon. Dan Allah ku riƙa yin haka, ya fi tutoriyal goma. Abin da na gani, in ƙafa ta daki ƙasa abu biyu ne ke tashi ba ɗaya ba. Akwai yashi da ƙananan tsakuwa masu nauyi, su suna fita da ƙarfi su yi ɗan baka su faɗo nan take, ko sakan ba sa kaiwa. Sannan akwai garin ƙurar, ita tana fita da sauri a farko sai ta tsaya cak kamar an riƙe ta, daga nan ta fara kumbura a hankali tana faɗi tana dishewa, iska ta ja ta gefe ɗaya. Wannan tsayawar ita ce pFriction. Ba ita ƙwayoyinka za su yi ta tafiya da gudun da aka haife su da shi har su fice daga allo. Kumburin kuma Size Over Life ne, ka fara ƙarami ka ja layin sama, sai Fade ɗin ƙarshe ya yi tsawo sosai don kar ta ɓace fat ɗaya.

Don haka na yi pEmitter biyu. Na garin ƙura ya bi ta pFriction sannan pTurbulence mai rauni, Density ƙasa don murɗawar ta zama manya-manya, sai pDirectionalForce ɗan mitsitsi da na juya shi gefe ya zama iska. Na yashin kuma Point ne ƙanana, ransu gajere, da pDirectionalForce mai jan su ƙasa da ƙarfi. Da wannan na biyun ya shiga ne kofaton ya fara kama da yana dukan ƙasa da gaske.

Wurin da ya ci lokaci shi ne daidaita fitar ƙurar da kofato. Doki in yana sukuwa ƙafafunsa huɗu ba tare suke sauka ba, ɗaya bayan ɗaya ne sannan a samu ɗan lokacin da duk suna sama, to ƙurar ma haka ya kamata ta riƙa fita, bugu-bugu. Na bi bidiyon firem bayan firem ina sa alama duk inda kofato ya taɓa ƙasa, a nan Number ya tashi daga 0 ya yi firem biyu ko uku ya koma 0. Wurin fitowar ma da hannu na bi shi don ƙafafun sun yi dishi-dishi da gudu, Tracker, nod mai bin motsin abu da kansa, ba ya iya riƙe su. Abubuwa biyu suka taimaka a nan, Temporal Distribution na cire shi daga fitowa lokaci ɗaya na mayar da shi warwatse don kar ƙurar ta yi layi-layi in wurin fitowar yana gudu, sai Inherit da na ɗaga kaɗan don ta ɗauki wani abu daga gudun dokin ta ɗan bi shi kafin ta tsaya. Inda ya turje a ƙarshe kuma nan na saki mai yawa, ita ce ta wuce shi ta rufe ƙafafun gaba. Girgizar hannun mai ɗauka ita Tracker ya yi min, na kama wani dutse da ke gefen fili na sa Match Move, ƙurar ta manne da ƙasa ta daina shawagi.

Launi. Kar ka zaɓi ruwan ƙasa daga kanka, ka tsinto shi daga ƙasar da ke cikin bidiyon sannan ka ƙara masa haske ka rage masa kauri, don busasshiyar ƙura a iska kullum ta fi ƙasar da ta fito daga ciki haske. Kuma kar a haɗa ta da hazon hunturu, shi fari-fari ne, da yawansa daga kwarin Bodele na Chadi iska ke kwaso shi, yana rufe nesa ne bai ɗaya ba ya curewa. Ita ta kofato launin filin take ɗauka. Sai ka duba ina rana take. A bidiyona tana bayan dokin ta hagu, kuma ƙura in rana na bayanta haskawa take yi sosai, gefenta ya yi kamar zinare, in kuma rana na bayan mai kamara sai ta yi fayau ba armashi. Na bar babbar ƙurar a Normal a Merge, nod ɗin da ke ɗora ta a kan bidiyon, don ƙura tare haske take yi ba ita ke bayar da shi ba, masu sa ta a Screen gaba ɗaya shi ya sa tasu take kama da hayaƙin aljanu. Sai na kwafi leya ta biyu na sa mata Screen mai rauni a gefen hagun kaɗai.

Dole wata ƙurar ta kasance bayan dokin wata a gabansa, in ba haka ba kamar an liƙa ta a gilashin kamara. Magic Mask da ke ware abu da kansa na Resolve Studio ne, na kuɗin, mai dala 295, don haka da Polygon na zagaye ƙafafu da cikin dokin da hannu. Na raba shi gunduwa-gunduwa, kowace ƙafa da nata, ya fi sauƙin bi. Daɗin abin ƙurar da kanta tana rufe inda yankan bai yi tsaf ba.

Motion Blur kuma na kunna shi a kan yashin, Shutter Angle 180, amma sai a ƙarshe don yana ninka nauyin renda, wato lissafin fitar da hoton.

Maganar nauyi, su Blackmagic da kansu RAM GB 32 suke ba da shawara ga mai amfani da Fusion, ni 16 gare ni, to sai da dabara. Ƙwayoyi ba kamar sauran abubuwa ba ne, firem na 100 ya dogara da na 99, shi ya sa in ka yi tsalle tsakiyar bidiyo sai ya tsaya yana lissafi tun daga baya. Da ƙurar ta yi min yadda nake so sai na sa Saver na fitar da ita ita kaɗai a jerin hotunan EXR da alfarta (alpha, abin da ke barin bayanta shara-shara), na dawo da ita da Loader, daga nan gyaran launi ya zama ruwa-ruwa. Ga mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama wannan ya fi fitar da fayil ɗin bidiyo guda, in ta yanke a firem na 140 waɗanda suka riga suka fita suna nan, daga nan za ka ɗora. A kunna Live Save ma.

Na kuma fara taɓa rubutun sunan dokin da zai fito a farkon bidiyon. Text+ ne, na jona shi a matsayin Region na wani pEmitter ɗin don ƙurar ta riƙa tashi daga jikin haruffan yayin da mas (mask, abin rufe wani sashe na hoto) ke share su daga hagu zuwa dama. Kifirem ɗin shigowarsa, wato alamomin da ke tsara motsinsa, na lanƙwasa su a Spline, ya shigo da sauri ya zauna a hankali, ga 'yan After Effects shi ne F9 ɗinku. Sunan yana da ƙ a ciki kuma yawancin font ɗin ado da na sauke ba su da ita, sai akwati ya fito ko harafin ya zo da wata siffa daban da sauran. Noto Sans da Andika suna da ƙ da ɗ da ɓ duka, ku gwada font da waɗannan haruffan kafin ku gina komai a kansa.

Abin da ya rage min biyu ne. Ƙasar har yanzu jiƙaƙƙiya take a ido, tana da duhu da ɗan sheƙi, kuma ƙura a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa duk wanda ya san doki zai ce anya, don haka zan ware ta a shafin Color in ɗaga haskenta in kashe sheƙin. Na biyun shi ne na tura gwaji a status na WhatsApp sai yashin nan da na sha wahala a kansa ya narke, gefen ƙurar ya zama akwati-akwati saboda matsewar da suke yi wa bidiyo. Ina tunanin yin kwafi biyu, ɗaya na YouTube yadda yake, ɗaya na waya da yashin ya fi girma kuma ya ragu. In akwai wanda ya samu saitin fitarwa da ke tsira daga wannan matsewar dan Allah ya faɗa mana bitret ɗin da girman da yake amfani da su, zan gwada a kan wannan bidiyon in kawo muku sakamakon gefe da gefe in sha Allah.