Mun je Delhi da kuɗin aiki, mun dawo da su

Kwana huɗu ke nan da dawowarmu, har yanzu ƙarfe uku na dare nake farkawa, jikina yana ɗauka gari ya waye. Tazarar awa huɗu da rabi ba wasa ba ce. Masu zuwa sannu da zuwa kuwa, kafin su zauna idonsu ya kai kan hannun 'yata, suna neman bandeji. Babu bandeji, don ba a yi aikin ba.

Shekararta 15. Ranar da na haife ta kafaɗarta ta maƙale, garin fito da ita jijiyoyin da ke sauka daga wuya zuwa hannun hagu suka ji rauni. Biyar ne, likitoci na lissafa su daga C5 zuwa T1, nata biyun sama ne suka taɓu. Ciwon Erb ake ce masa, sunan wani likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1874. Yatsunta ƙalau, tana riƙe komai. Kafaɗar ce ta juya ciki, in za ta kai hannu baki sai gwiwar hannun ta tashi sama kamar mai busa kakaki. Ƙeya kam bai taɓa kaiwa ba.

Ta Addis Ababa muka bi, ba abin labari sai zama da gyangyaɗi. Delhi ce ta tare mu da hazon Janairu. Na ɗauka irin namu ne na hunturu, ashe wannan ƙaurin hayaƙi yake yi, yana kama maƙogwaro, ga sanyi mai shiga ƙashi, mu kuwa mun zo da kaya marasa nauyi saboda an ce mana Indiya zafi gare ta. Matar da muka kama ɗaki a gidanta, wata dattijuwa mai farin gashi, tana ganin yarinyar na rawar ɗari ta shiga ta fito da bargo biyu da rigar sanyin jikarta. Na ciro kuɗi, ta kaɗa kai irin kaɗawar nan tasu da ba ka sanin i ce ko a'a. Sai da ta maida min hannuna cikin jaka na gane a'a ce.

Dillalin da ya haɗa mu da asibitin farko shi ne akasinta. Tun kafin likita ya ga hannun ya riga ya yanka mana kuɗin aiki, da na gado, da na tafinta, kamar mai sayar da fili. Da na ce zan ji ta bakin likita na biyu, sai fuska ta canza, ya ce ai mutanenmu haka suke, su zo su ɓata wa mutum lokaci. A gaban 'yata ya faɗi haka. Ban tanka ba, na karɓi faifan hotunan asibitinmu muka fita.

A nan na koyi ciniki da masu adaidaita. Ga mita a manne a gaban direba, amma da ya ga baƙar fata mitar ta lalace. Ya faɗi kuɗi, ki raba uku ki ba da ɗaya, ki juya kamar za ki tafi, zai biyo ki. Daga baya muka koma jirgin Metro, inda babu ciniki, ga tarago guda na mata zalla, kuma duk tasha sai an bincika jaka. Tsafta da kiyaye lokaci, sai dai in ce Allah ya nuna mana irinsa. Amma kallo! A wajenmu in ka kama mutum yana kallonka zai kau da kai, can kuwa sai ya gyara tsayuwa. Magani da hoton asibiti sun fi yadda na zata sauƙi. Ɗaki da zirga-zirga ne ke cinye kuɗi ba ka sani ba.

Likita na biyu bai fara da ni ba. Ya sa ta ɗaga hannu, ta kai baki, ta kai ƙeya, ta kai gadon baya, yana ba kowane maki a takarda. Sannan ya juyo da kwamfuta ya nuna mana gurbin kafaɗar, yadda ya baje maimakon ya zurfafa, kan ƙashin ya zame baya saboda shekarun da ya yi a juye. Na tambaye shi zancen ɗinkin jijiya da na karanta a intanet. Ya ce wannan na jarirai ne, cikin shekarar farko. Jijiya tana tsiro ne kamar milimita ɗaya a rana, tsokar da ta wuce shekara ɗaya da rabi ba saƙo kuwa ta riga ta shanye. Sauya wa agarar tsokar baya mazauni ma ya fi amfani tun gurbin bai lalace ba. Abin da ya rage mata shi ne a yanke ƙashin dantse, a murza shi waje, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi, hannu ya yi kamar mako shida a rataye, sannan gashin ƙashi na watanni.

Ya ce hannun ba zai ƙara tsawo ba, ƙarfinsa ma ba zai dawo ba. Zai kai baki ba tare da gwiwar ta tashi ba, wataƙila ya kai ƙeya. Amma abin da aka ƙara ta waje ta ciki ake ragewa: in an murza da yawa, kai hannu ciki don ɗaura zani ko jan zif zai yi mata wuya. Sai ya dube ta ya ce, me kike so hannun nan ya yi miki wanda ba ya yi?

Shekara 15 ina yawo da ita asibitoci, ban taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ni dai burina in ga hannun ya miƙe kamar na kowa, a daina kallonta. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Mama, gashina kawai nake so in kama da hannu biyu. Amma ban sani ba ko ya isa a yanka min ƙashi." Likitan ya ce ba gaggawa, ƙashin zai murzu bana, zai murzu baɗi.

Daren nan ban yi barci ba. Da safe ta ce a bari sai ta gama jarrabawa.

Sauran kwanakin muka je Jama Masjid, masallacin da Sarki Shah Jahan ya gina, aka gama a 1656, muka yi sallah. Agra wuni ɗaya, Taj Mahal rabinsa cikin hazo. Dattijuwar ta ƙi karɓar rigar sanyin, tana cikin akwati har yanzu.

Faifan hotunan yana cikin durowa tare da fasfo. Jiya na leƙa ɗakinta na same ta gaban madubi, ta kama dantsen hagun da hannun dama tana murza shi waje, tana duba inda yatsun za su kai. Na ja mata ƙofar a hankali.