Maƙwabciyar da ke gabas

Mutanen Finland suna tsoron Rasha, amma da wuya ka ji a bakinsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan da na fara zama a Helsinki. Shiri kawai suke yi, shiru-shiru. Duk Litinin ɗin farko ta wata, da ƙarfe goma sha biyu na rana, sai jiniya ta ɗauki kuka. Gwaji ne, ba mai ko ɗaga kai. A ƙasan benen da nake haya akwai wata ƙofar ƙarfe mai kauri, bayanta mafaka ce ta ranar da za a yi ruwan bama-bamai. A yanzu dai kekuna da tsofaffin kujeru ne jibge a ciki. Ana kuma shawartar kowane gida ya tanadi ruwa da abincin kwana uku.

Wata dattijuwa da muke bene ɗaya ce ta warware mini zaren. A 1939 Tarayyar Sobiyet ta afka musu, suka rasa babban yanki na Karelia da ke gabashin ƙasar, mutum wajen 400,000 suka bar gidajensu, har da mahaifiyarta. Iyakarsu da Rasha ta kai kilomita 1,340. Shi ya sa da aka mamaye Ukraine a 2022 suka yi watsi da tsohuwar manufarsu ta 'yan ba-ruwanmu, suka shiga NATO a Afrilun 2023.

Wata rana na nuna mata bidiyon matasa a Yamai suna ɗaga tutar Rasha bayan juyin mulkin 2023, suna cewa Faransa ta fice. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai ba su taɓa maƙwabtaka da Rasha ba." Na ce mata ku ma Faransa ba ta taɓa mulkarku ba. A ganina dukkanmu mun faɗi gaskiya.

Inda abin ya taɓa ni shi ne ƙarshen 2023, lokacin da gwamnati ta rufe iyakar gabas, tana zargin Mosko da turo masu neman mafaka daga Gabas ta Tsakiya da Afirka da gangan. Dare ɗaya masu kama da ni suka shiga lissafin barazanar. Wani abokin aikina, mutumin kirki kuwa, ya tambaye ni cikin raha ko ta gabas na shigo. Na ce a jirgi na zo, da takarduna. Ya yi dariya, ni ban yi ba.