Daga akurkin kaji zuwa hantsar saniya

A watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke kusa da Jaji a jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka same ta a Afirka, abin da ya fi yawa a bakin mutanen unguwarmu shi ne cewa ciwon kaji ne, kuma a kan kaji zai ƙare. Na tuna wani zakaran maƙwabcinmu da na tarar da yamma yana tsaye shi kaɗai a bakin akurki, kansa ya kumbura, zankonsa ya rine ya koma kamar shuni, ko tsabar da aka watsa masa bai kalla ba, kuma kafin gari ya waye ya mutu tare da wasu da dama. Kafin watan ya ƙare an samu cutar a Magariya ta Jamhuriyar Nijar, sannan a watan Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Tun daga lokacin nake bibiyar tambaya guda: mene ne a jikin wannan ƙwayar cuta da ke sa ta yi wa tsuntsu kisan kiyashi, amma ta sha wahala kafin ta zauna a jikin dabba mai shayarwa?

Amsar tana farawa daga fatar ƙwayar. A bayanta akwai furotin iri biyu da suka fito kamar ƙayoyi: hemagulutinin, wanda harafin H ke nufi, da nuraminides, wanda harafin N ke nufi. A cikin tsuntsayen ruwa, irin su agwagin daji, an daɗe da sanin nau'in H guda 16 da nau'in N guda 9, kuma daga haɗuwarsu ake samun sunaye irin su H5N1 da H7N9. Aikin hemagulutinin shi ne kama wani sinadari mai suna sayalik asid da ke saman tantanin jikin dabba, wato ƙananan ɗakunan halitta da jiki ya ginu da su, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Sai dai kwaɗon ba iri ɗaya ba ne. A hanjin tsuntsu, sinadarin yana maƙale da sukarin da ke ƙarƙashinsa ta hanyar da masana ke kira alfa 2,3, alhali a hanci da maƙogwaron ɗan Adam wanda ya fi yawa shi ne alfa 2,6. Bambancin ɗan lanƙwasa ne kawai a wurin haɗin, amma shi ne babban shingen da ya daɗe yana kare mu. Irin kwaɗon tsuntsaye yana nan a jikinmu, amma a can ƙasan huhu da kuma fatar ido, kuma wannan ne ya sa wanda ya shaƙi ƙwayar da yawa yake iya kamuwa da ciwon huhu mai tsanani ba tare da ya yaɗa ta cikin sauƙi ta tari ko atishawa ba. Cikin mutum sama da 900 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa tun 2003, kusan rabi sun rasu, kuma mafi yawansu daga tsuntsaye suka ɗauka.

Abin da ya kashe zakaran nan cikin dare ɗaya kuwa wani sirri ne daban na furotin ɗin. Hemagulutinin ba ya aiki sai wani sinadarin jikin dabbar ya yanka shi gida biyu. A nau'o'in murar masu sauƙi, sinadarin da ke iya yankan a hanji da hanyar numfashi kawai yake, don haka cutar ba ta wuce nan. A nau'i mai tsanani kuwa, wurin yankan ya sauya yadda sinadarin furin, wanda ke kusan ko'ina a jiki, zai iya yi masa aiki, sai ƙwayar ta ratsa hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ganin dila ko kyanwa da suka ci mataccen tsuntsu suna tangaɗi, suna zagaye wuri ɗaya, suna farfaɗiya.

Shiga cikin tantani ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin dole ƙwayar ta buga kwafin kanta, kuma injin da take amfani da shi yana buƙatar aron wani furotin na mai gida mai suna ANP32A. A shekarar 2016 ayarin Farfesa Wendy Barclay na Landan ya nuna cewa na tsuntsaye ya fi na dabbobi masu shayarwa tsawo da amino asid 33, wato tubalan da ake gina furotin da su, kuma injin ƙwayar tsuntsaye da wannan mai tsawon ya saba. Ga kuma batun zafi, tunda jikin kaza yana kai maki 41 a ma'aunin Celsius, alhali cikin hancin mutum bai fi maki 33 ba. Abin damuwar shi ne sauyin amino asid guda ɗaya tak, a wuri na 627 na furotin PB2, wanda ɓangare ne na injin ƙwayar, yana rage wannan cikas ƙwarai, kuma an sha ganin sauyin ya bayyana da kansa a jikin dabbobi masu shayarwa da suka kamu. Injin ba ya duba kurakuransa idan yana kwafi, saboda haka duk dabbar da ta kamu wata sabuwar dama ce ta gwaji. Ƙari a kan haka, bayanan gadon ƙwayar a gutsure takwas suke, kuma idan nau'i biyu suka haɗu a tantani ɗaya, kamar yadda kan faru a jikin alade, sukan yi musayar gutsattsarin. Ta haka aka samu annobar mura ta 1957 da ta 1968.

Na daɗe ina ɗaukar waɗannan shingaye a matsayin katanga mai kauri, sai abubuwan da suka biyo bayan 2020 suka sauya mini tunani. Wani reshe na H5N1 da ake kira 2.3.4.4b ya bi tsuntsaye masu ƙaura ya shiga Arewacin Amurka a ƙarshen 2021. A watan Oktoban 2022 ya ɓulla a wata gona a yankin Galisiya na Sifaniya, inda ake kiwon mink, wata ƙaramar dabba mai shayarwa, don fatarta, kuma alamu sun nuna dabbobin suna harba wa junansu. Bayan shekara guda ya kashe kusan 17,000 na 'ya'yan wata babbar dabbar ruwa mai shayarwa da ake kira giwar teku a gaɓar Ajantina.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne na shanu. A ranar 25 ga Maris 2024 hukumomin Amurka suka sanar da samun ƙwayar a shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas, bayan makiyaya sun lura cewa shanun sun rage cin abinci, madararsu ta ragu, ta yi kauri ta koma rawaya kamar dakashi. Da aka bincika, sai aka tarar hantsar saniya cike take da irin kwaɗon tsuntsaye, wato ƙwayar ba ta buƙaci sauya mabuɗinta ba kafin ta samu masauki. Ta hayayyafa a cikin hantsar, ta fita da yawa a madara, kayan tatsa suka riƙa kai ta daga wannan saniya zuwa waccan, safarar shanu kuma ta kai ta garke sama da 1,000. Kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar a wasu gonakin sun mutu, yayin da ma'aikatan da suka kamu mafi yawansu jan ido suka yi, abin da ya dace da inda kwaɗon yake a jikinmu. Gwaje-gwaje sun tabbatar da cewa dumama madara irin ta masana'anta tana kashe ƙwayar.

Wannan a Amurka ya faru, amma ba na iya karanta shi ba tare da na tuna da tsakar gidajenmu ba, inda kaza da agwagwa da akuya da kyanwa ke shan ruwa a kasko ɗaya, ga kuma dausayin Haɗeja da Nguru da ke karɓar tsuntsayen ƙaura duk shekara. A ganina wanda ya fi cancantar kulawa shi ne yaron da ke figar kaji a kasuwa daga safe har magariba, hannunsa cikin ruwan zafi da jini, gashin kaji na tashi zuwa hancinsa da idonsa. Idan kaji suka fara faɗuwa a akurki, gaggawar da aka saba yi ita ce a yanka sauran a kai masa kafin a yi asara. Waɗannan kajin ne ya kamata likitan dabbobi ya fara gani, ya ɗebi samfurinsu ya aika Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, mushen kuma a binne shi da zurfin da kare ko kyanwa ba za su tono shi ba.