Ɗiyar manomi ta kashe shuka da ruwa

Watana huɗu a Helsinki, babban birnin ƙasar Finland, wata abokiyar aikina ta ba ni kyautar ɗan tsiro, tukunyarsa ba ta fi kofi girma ba. Ganyensa kauri-kauri, kore shar, sai sheƙi yake. Ta ce jade ake kiransa, ta soma yi mini bayanin ruwa, ni kuwa hankalina ba ya wurin. Ni da na tashi a gidan noma, Baturiya ce za ta koya mini ban ruwa?

Da asuba in ba shi ruwa, in na dawo aiki in ƙara. Gaskiya ba ƙishinsa nake dubawa ba, shi kaɗai ne mai rai a ɗakin in ka cire ni. Ga Disamba, ranar garin ba ta cika awa 6 ba ta faɗi. Ganyen ya yi laushi, ya koma rawaya, yana zubewa ɗaya-ɗaya. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa.

Ranar da ta kawo mini ziyara, tana ɗaga tukunyar wari ya buge mu. Ta zare shi daga ƙasar, saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. A hankali ta ce irin wannan tsiron a ganyensa yake ajiyar ruwa, ba a ba shi sai ƙasar ta bushe ƙamas, da hunturu ma yakan yi sati uku ko huɗu bai sha ba. Tukunya kuma sai mai huji a gindi da ƙasa mai yashi. Wai asalinsa Afirka ta Kudu ne. Ashe baƙo ne ɗan'uwana, ni na kashe shi.

Ganye biyu muka tsira da su. Na bar bakinsu ya bushe kwana uku, na kwantar da su a kan ƙasa kusa da taga, nesa da hita. Ɗaya ya mutu. Ɗayan ya fitar da saiwa siririya kamar zare, yau har ya yi 'yan ganye huɗu, duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Na nuna wa Baba a waya. Ya matso da fuskarsa yana ƙanƙance ido, ya ce, "Mamana, me yake haifa?" Na ce ba ya haifar komai, Baba. Ya yi dariya har da tari, ya ce lallai kun ji daɗi, masu noman abin kallo.

Tarin ne ya tsaya mini a rai. Inna ta ce tun damina yake fama da shi, kuma gwiwa ta hana shi zuwa gona, ƙanena ne ke riƙe da ita. Ba wanda ya gaya mini, wai kada hankalina ya tashi. Amma duk sanda na kira, kafin in tambayi jikinsa ya riga ni: "Yaya ɗan ganyen naki? Kin dai daina ba shi ruwa ko?"