Tuƙa keke cikin zafin rana

Abin da ke yaudarar mu masu keke shi ne iska. Kana gudu tana busar maka da gumi sai ka ɗauka lafiya lau kake, amma bari ka fara hawan tudu a hankali, nan take za ka ji zafin kwalta na taso maka har fuska.

Jiki yana sabawa, sai dai ba a yi masa gaggawa. Kwana 10 zuwa 14 yake ɗauka, kullum kamar awa ɗaya a hankali cikin zafin, a haka ruwan da ke cikin jini yake ƙaruwa, bugun zuciya ya sauka, gumi ya riƙa zuwa da wuri kuma gishirin cikinsa ya ragu, farin shatin nan da yake bari a riga ma za ka ga ya yi sauƙi. In ka daina na wasu makonni kuwa sabon da jiki ya yi da zafin sai ya fara gushewa.

Ni dai ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, ba na jayayya da su, inuwa kawai nake nema. Shan ruwa zalla da yawa ma ba dabara ba ce, sai da ɗan gishiri.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne ka ga abokin tafiyarka ya fara sambatu ko yana tangaɗi a kan keke, wataƙila zafin jikinsa ya haura digiri 40 ke nan, ko da kuwa yana gumi. A sauke shi, a kwarara masa ruwan sanyi tun a wurin, a nemi asibiti maza.