Komen Yaya

Yayata ta koma ɗakinta a Mabera bayan ƙaramar Salla, kuma har yanzu mata na cewa ai haƙuri ta yi saboda yara. Ni da muka kwana ɗaki ɗaya da ita a gidanmu na Runjin Sambo duk tsawon zawarcin, na san ba haka abin ya tafi ba.

Saki ɗaya mijin ya rubuta mata cikin fushi. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda, amma mu nan wa ke bi? Ranar aka kira a-kori-kura aka kwashe kaya har da labule. A lokacin kalma ɗaya ta ishe shi ya mayar da ita. Girman kai ya sa ya yi shiru har idda ta cika, dama ta kuɓuce masa. Sai dai sabon ɗaurin aure da sabon sadaki, da waliyyi da shaidu, uwa uba kuma sai in ta amince.

Da ya farga, abokansa ya fara turowa biko, da turmin atamfa da goro. Inna ta soma "ki dubi ɗiyanki". Kawunmu na Wamakko ne ya taka burki. Ya ce: "Wagga magana ba ta atamfa ba ce. Shi zo da bakinai."

Ya zo bayan la'asar tare da baffansa, mutum ɗaya daga kowane ɓangare kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Ina bayan ƙofar zaure (ba laɓe na yi ba, ruwa na kai musu, ban dai koma ba). Kawu bai bar shi ya fake da "a yafi juna" ba, sai da ya faɗi laifinsa ɗaya bayan ɗaya: gorin da yake mata gaban ƙannensa, da hana ta ƙarasa karatunta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari alhali da alkawarin haka aka ba shi ita. Yana magana yana murza hula a hannu har ta lanƙwashe.

Aka kira Yaya. Ta ce: "Na yafe maka duniya da lahira. Komawa kuma sai na yi istihara." Mutane na haɗa biyun nan wuri ɗaya, ita ta raba su, kuma a ganina ta yi daidai. Sai da ta sake yin rajista a makaranta, da kuɗinsa, sannan ta ba Kawu amsa.

Yanzu shi ke kai ta kwaleji a kan mashin. Suna saɓawa jefi-jefi, ba na musu. Wadda ta rage ita ce Inna, da ta fi kowa matsawa a koma: in ya durƙusa gaishe ta, "lafiya lau" kawai take ce masa, don ita sai a zauren nan ta fara jin maganar gorin.