Tantanin da ke riƙe da ciki

Asabar, Agege.

Yau kwana goma da yi wa Anti, matar Yaya, tiyatar haihuwa. An yi suna, baƙi sun watse, saura Gwaggo da ta zo daga Katsina don jego. Da safe na fito daga wanka sai na hango Anti a ƙasan bene, ta sunkuya za ta ɗauki jarkar da mai ruwa ya ajiye, mai cin lita 25. Na ce, "Anti, don girman Allah ajiye!" Ta ce ai ɗinki ya warke, da muka shiga ɗaki har ta ɗaga riga ta nuna min. Gaskiya fatar ta haɗe sumul. Gwaggo ma ta goyi bayanta, wai da motsi mai jego take samun ƙarfi. Na yi ta bayani da kalmomin makarantar jinya, ko ɗaya bai shiga kunnensu ba.

Kalmar da ta tsaya min a maƙoshi ita ce fasiya. Daga Latin aka aro ta, asalinta zirin ƙyallen da ake naɗe abu da shi. A ilimin sassan jiki tana nufin shimfiɗar zaren nan mai ƙarfi da ke ƙarƙashin fata, wadda ta naɗe tsoka da hanyoyin jini kamar an sa musu riga. Akwai ta sama mai haɗe da kitse, akwai ta can ciki, fara, mai tauri. A mara ma akwai wata siririya da ake kira da sunan Antonio Scarpa, likitan Italiya da ya rasu a 1832. Duk na haddace wannan don jarrabawa, amma da Hausa na rasa bakin zaren.

Da hantsi Gwaggo ta aike ni mayankar Oko-Oba in sayo ƙafar saniya da nama don farfesu. Ina tsaye gaban teburin wani dattijo Basakkwace, sai na ga ya soka tsinin wuƙa a gefen tsoka, ya kama wani farin abu mai sheƙi ya ja, yana ɓantarewa da 'yar ƙara kamar ana yage leda. Na ce, "Baba, me kuke ce wa wannan?" Ya ce, "Tantani ne, 'yata. Masu tsire ba su son shi, haƙori ba ya cin shi." Na roƙe shi ya bar min wani yanki da tantaninsa.

A cikin Keke ina ta juya kalmar. Tantani a wurinmu faffaɗa ce. Muna cewa tantanin kunne, tantanin kalangu, tantanin ƙwaƙwalwa wanda sanƙarau ke kumburawa, alhali shi kaɗai hawa uku ne. Littafi ya raba wa kowanne suna, don wanda ya lulluɓe hanji laushi gare shi da santsi, ba irin wanda ya naɗe tsoka ba. Ni dai a ganina tantanin tsoka ya fi dacewa da fasiya, kuma duk wanda ya taɓa gyara nama zai gane.

Da na dawo na ajiye naman a faranti na kira su. Na ba Gwaggo tsokar na ce ta ja, ta yage nan take. Na ba ta tantanin, ta ja da hannu biyu har ta cije leɓe, bai tsinke ba. Sannan na lissafa musu abin da likita ya bi kafin ya kai ga jariri: fata, kitse, wannan farin tantanin, tsokar ciki wadda yawanci buɗa ta ake yi ba yankawa ba, tantanin da ya rufe kayan ciki, sannan mahaifa. Na ce ɗinkin da ke riƙe da ciki a wannan farin aka yi shi. Jini kaɗan ke kai masa, shi ya sa yake jinkirin warkewa. Fata kan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu, shi kuwa sai ya yi kamar mako shida kafin ya fara ƙwari sosai, ya ci gaba har watanni. In ya buɗe daga ciki, hanji ke turowa ƙarƙashin fata ya zama ƙaba, sai an sake tiyata.

Anti ta yi shiru, ta dafa mararta. Gwaggo ta ce, "To wankan jegon fa?" Na ce ruwa mai ɗumi ba laifi, amma ban da tafasasshe, ban da danna ciki da ganye, kuma ranar komawa asibiti ta tambayi likita da bakinta. Tafiya a hankali cikin gida kuwa alheri ce, a nan Gwaggo ta yi gaskiya.

Da magariba farfesun ya nuna, romon ya yi danƙo yana kama yatsa, don zaren da ke cikin tantani da jijiya narkewa yake in ya daɗe a wuta. Anti ta sha kwano biyu. Jarkar yamma kuma Yaya ne ya hau da ita.